Me Ya Sa Shago Ya Fi Shago Tsada? Tambayoyi da Amsoshi Kan Zanen Gini da Kuɗin Haya a Cibiyoyin Kasuwanci

Masu neman shago da masu shirin gina cibiyar kasuwanci tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne, sai dai kowa ta gefensa yake yi. Ɗan haya yana ganin an tsawwala masa, mai gini yana ganin ginin bai maido abin da ya ci ba. Na tattara tambayoyin da suka fi yawo, na amsa su gwargwadon yadda sana'ar take tafiya.

Shaguna biyu, girmansu ɗaya, gini ɗaya, amma hayarsu ta sha bamban. Ba zalunci ba ne?

Mafi yawan lokaci ba zalunci ba ne. Wanda ya kama shago a cibiyar kasuwanci, a takarda dai ƙasa ya haya, murabba'in mita kaza. A zahiri kuwa abin da yake biya shi ne ƙafafun da ke wucewa ta ƙofarsa da idanun da ke faɗawa kan kayansa. Daɓe iri ɗaya ne ko'ina a ginin. Mutanen da ke takawa a kansa su ne ba ɗaya ba.

Ka tsaya ranar da kasuwa ta cika, ka kalli inda manyan hanyoyi biyu suka haɗu a tsakiyar ginin. Mai shigowa daga wajen motoci nan zai bi, mai saukowa daga sama nan zai sauka, mai jiran ɗan'uwansa nan zai tsaya yana waige-waige. Daga nan ka taka zuwa ƙarshen wata hanyar da ba ta ɓullewa ko'ina, inda shago na ƙarshe yake fuskantar bango. Mai shagon yana zaune yana latsa waya, fitilunsa a kunne, kayansa a jere tsaf, amma sai wanda ya zo takanas dominsa ne ke ganinsa. Wannan bambancin ba mai gini ne ya ƙirƙire shi ranar rubuta yarjejeniya ba. An yanke shi tun a kan teburin mai zane, kafin a zuba siminti ko buhu ɗaya. Tun ran gini tun ran zane.

An ce faɗin gaban shago ya fi zurfinsa daraja. Yaya ake lissafin?

Gaban shago shi ke sayar da kaya. Nan ne gilashi yake, nan suna yake, nan mai wucewa ke yanke shawarar shiga ko wucewa cikin daƙiƙa biyu ko uku. Duk mitar da ta yi nisa da ƙofa, mutanen da ke isa gare ta suna raguwa, har a kai can ƙurya inda ba a ajiye komai sai kwalaye.

Masu ƙiyasta haya a Birtaniya da Ayalan sun mai da wannan lissafi. Suna yanka shago gida-gida daga gaba zuwa baya. Yankin farko, ƙafa 20 daga gilashi, wato mita 6.1, shi ake wa cikakken farashi. Yanki na biyu rabin wannan farashi, na uku kashi ɗaya cikin huɗu, abin da ya rage kuma ya ƙara faɗuwa. A wasu manyan titunan Landan da kuma Sikotlan yankin kan kai ƙafa 30, amma dabarar ita ce dai.

Ga yadda abin yake a aikace. Shago na farko faɗinsa mita 6, zurfinsa mita 18.3. Na biyu faɗinsa mita 9, zurfinsa mita 12.2. Dukansu murabba'in mita 109.8 ne. Idan an yi wa na farko wannan lissafi, yankunansa uku za su ba da 36.6 da 18.3 da 9.15, jimla kusan 64. Na biyu yanki biyu kawai gare shi, 54.9 da 27.45, jimla kusan 82. Ka ga mai faɗin ya fi mai zurfin haya da kusan kashi 29 cikin ɗari, alhali ko taki ɗaya bai fi shi girma ba. Shagon kwana kuwa, mai fuska biyu, akan ƙara masa wani abu a kai.

Ba ko'ina ake bin wannan hanya a rubuce ba. Amma duk inda ka ga ƙananan shaguna suna biyan fiye da manya a kan kowace mita, wannan tunanin ne ke aiki a ƙasa: ƙaramin shago kusan duk jikinsa gaba ne.

Me ya sa babban kanti, wanda ya fi kowa kuɗi, yake biyan haya mafi ƙanƙanta a kan mita?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ƙona ran ƙananan 'yan haya, kuma na fahimci dalili. Sai dai a duba aikin da babban kantin yake yi. Shi ne turken da aka ɗaure cibiyar a jikinsa. Mutum yakan baro gida saboda shi, sauran shaguna kuma su same shi a hanya. Shi ke kashe kuɗin talla, sunansa ne a saman gini, kuma sau da yawa sai ya sa hannu banki zai yarda ya ba da bashin ginin.

Masana tattalin arziki Eric Gould da Peter Pashigian da Canice Prendergast sun bi yarjejeniyoyin haya na cibiyoyin Amurka, suka wallafa sakamakon a 2005. Sun gano cewa irin waɗannan manyan kantuna sun mamaye fiye da kashi 58 cikin ɗari na filin haya, amma abin da suke biya kusan kashi 10 ne kacal na kuɗin da mai gini ke karɓa. Sauran nauyin yana wuyan ƙananan shaguna. A wata fuskar, ƙaramin ɗan haya yana sayen jama'ar da babban ya tara ne, ta hannun mai gini.

Inda zane ya shigo shi ne wurin da aka kafa turken. Idan an ajiye shi a bakin ƙofa, mutum ya fito daga mota ya shiga ya yi sayayya ya koma, to an ba da fili da araha ba a samu komai ba. Shi ya sa tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne a kafa ɗaya a wannan ƙarshe, ɗaya a wancan, a jera ƙananan shaguna a tsakani, domin duk mai son ganin biyun dole ya ratsa ta gabansu. Victor Gruen, mai zanen gini ɗan asalin Biyana, shi ya zana Southdale a jihar Minnesota, wadda aka buɗe a 1956, cibiya mai rufi da na'urar daidaita zafi da sanyi, hawa biyu, da manyan kantuna biyu masu hamayya da juna a ƙarƙashin rufi ɗaya. A lokacin abin mamaki ne a ce abokan hamayya sun yarda da maƙwabtaka. Da aka ga kowannensu yana jawo wa ɗayan jama'a, sai kowa ya kwaikwaya. Shi Gruen burinsa ya fi haka faɗi, yana son gidaje da makarantu da wuraren shaƙatawa su kewaye cibiyar, kuma a ƙarshen rayuwarsa ya nesanta kansa daga abin da aka mai da tunaninsa. Amma lissafin hayar da ginin nasa ya koyar, har yau ana bin sa.

Hawa na sama ko da yaushe ya fi araha?

A ka'ida, i. Mutum ba ya son hawa. Duk matakalar da ka sa a gabansa, wasu za su juya. Saboda haka hawan da ake shigowa ta cikinsa shi ya fi tsada, sannan farashi ya riƙa sauka yayin da ake yin sama, ko ake gangarawa ƙarƙashin ƙasa.

Amma a nan ne gwanin zane yake nuna kansa, kuma nan ne kuɗi mai yawa ke ɓacewa ko ke samuwa. Alfred Taubman, wanda ya gina cibiyoyi da yawa a Amurka har da ta Short Hills a New Jersey, ya lura mutane kamar ruwa suke, gangara ta fi musu sauƙi. Sai ya riƙa karkata ƙasar da ke kewaye da ginin yadda za a iya shiga kai tsaye ta hawa na biyu, kuma ya fi ba hawan na sama wuraren ajiye mota. Wanda ya shigo ta sama zai sauko da kansa ba tare da an roƙe shi ba. Ya kuma yanka manyan ramuka a daɓen sama, ya sa shingen gilashi, domin wanda ke ƙasa ya ɗaga kai ya hango sunayen shagunan sama. Matakalun lantarki kuwa yakan kai su ƙarshe-ƙarshe, ta yadda mai son hawa sai ya wuce shaguna kafin ya kai gare su. Da wannan, bambancin haya tsakanin hawa biyun yakan ragu ƙwarai.

Ɗaya dabarar ita ce a ɗora abin da mutane za su hau dominsa ko ta halin ƙaƙa: wurin cin abinci, silima, wurin wasan yara. Zauren abinci na Paramus Park a New Jersey, wanda aka buɗe a 1974 kuma ake yawan ambata a matsayin na farko da ya yi nasara, a hawa na biyu aka sa shi. A Hong Kong, inda ƙasa ta yi tsadar da ba a iya shimfiɗa gini, an kai abin ƙarshe. Langham Place, wadda aka buɗe a 2004, ta haura hawa goma, kuma tana da dogayen matakalun lantarki masu tsallake hawa da yawa a tafiya ɗaya. Suna ɗaukar mutum su kai shi sama, sannan ya riƙa gangarowa a ƙafa yana zagaya shaguna. A irin wannan gini, hawa na tara ba lallai ya zama maraya ba.

Ƙarƙashin ƙasa ma haka yake. In yana haɗe da tashar jirgin ƙasa, yakan fi wasu hawan sama tsada.

Na samu shago dab da ƙofar shiga. Ai na dace ko?

Ba kullum ba. Mai shigowa daga waje yana tafe da saurin titi, idonsa bai gama sabawa da hasken ciki ba, yana gyara jaka, yana kiran yara. Mitocin farko bayan ƙofa yakan wuce su bai ga komai ba. Shagon da ke nan ya dace da sana'ar a-yi-a-tafi: kantin magani, banki, gyaran waya, wankin tufafi. Mai sayar da kayan da sai an tsaya an yi sha'awa, kamar agogo ko turare ko tufafi, ya fi cin riba can ciki inda tafiya ta yi sanyi.

Kuma ka tambaya: wace ƙofa? Kowace cibiya tana da ƙofar da mai zane ya yi wa ado, da ƙofar da jama'a suka zaɓa wa kansu, galibi wadda ta fi kusa da motoci ko tashar bas. Na taɓa ganin gini mai ƙofar alfarma, dogayen ginshiƙai da fitilu, an kuma sa wa shagunan gefenta haya mafi tsada. Shekara ba ta zagayo ba aka gane mafi yawan mutane ta ƙaramar ƙofar baya suke shiga. Masu shagunan alfarma suka yi ta biyan kuɗin jama'ar da ke bi ta wani wuri. Abin ya tsaya mini a rai, domin wasunsu da jarinsu duka suka shigo.

Faɗi da tsawon hanyar cikin gini suna da tasiri?

Sosai. In hanya ta yi faɗi fiye da kima, mai tafiya zai manne wa gefe ɗaya, shagunan ɗaya gefen sun rasa shi. In ta matse, cunkoso zai hana tsayawa, kuma wanda ake bangaza ba ya duba kaya. Masu zane kan nemi faɗin da mutum zai tsaya a tsakiya ya karanta sunayen hagu da dama, galibi wajen mita 9 zuwa 12 a babbar hanya.

Tsawo kuwa, an daɗe da lura cewa mai sayayya ba ya son ya ga tafiyar da ta wuce kimanin mita 300 a gabansa. In ya hango ƙarshen da nisa, sai ya karaya ya juya. Saboda haka ake lanƙwasa hanya kaɗan, ko a karya ta da fili mai kujeru da haske, domin tafiyar ta zo masa guntu-guntu. Tsarin zobe, wanda mutum zai zagaya ya dawo inda ya fara ba tare da ya maimaita hanya ba, yana raba jama'a daidai fiye da tsarin da ke da rassa. Reshen da ya mutu a bango shi ne babban maƙiyin haya. Duk shagon da ke cikinsa rangwame ake ba da shi, kuma shi ne farkon wanda ake bari fanko.

To kwalliya fa? Marmara, maɓuɓɓugar ruwa, rufin gilashi, duk suna ƙara haya?

Suna iya ƙarawa, amma ba kai tsaye ba. Kwalliya tana yin abu biyu. Tana gaya wa manyan kamfanoni cewa wurin ya dace da sunansu, kuma tana sa mutum ya daɗe a ciki. Wanda ya daɗe yakan saya. Hasken rana daga sama, kujerun zama, banɗaki mai tsabta da sauƙin samu, iska mai daɗi, waɗannan su ne kwalliyar da ke biyan kuɗin sabulu. Uwa da ta samu wurin gyara jaririnta za ta ƙara awa ɗaya. Wadda ba ta samu ba ta tafi gida.

Kwalliyar da ke jan ido daga shaguna kuwa asara ce. Haka ma wadda ke rikita mutane. Horton Plaza a San Diego misali ne da ya kamata kowane mai gini ya sani. Jon Jerde ya zana ta, aka buɗe a 1985, da launuka masu ɗaukar ido, da gadoji, da hawa-hawa da ba su daidaita da juna ba, da gangan aka yi ta kamar wurin yawon buɗe ido. Shekarun farko jama'a suka yi ta tururuwa, har ta farfaɗo da tsakiyar birnin. Da sabon abu ya zama tsoho, sai ya rage mutum yana hango shago a gabansa amma bai san ta inda zai kai gare shi ba. Babban kantin Nordstrom, ɗaya daga cikin turakunta, ya tashi a 2016, aka sayar da ginin a 2018 da niyyar mai da shi ofisoshi. Ba zane kaɗai ya kayar da ita ba, gasa da sauyin kasuwa suna ciki, amma rikicewar hanya ta sa farfaɗowa ta yi wuya. Abin lura, kamfanin Jerde ɗin ne ya zana Langham Place da na ambata a sama. Hannu ɗaya ne, sai dai a Langham Place an ɗaure tafiyar mutane a kan tsari bayyananne.

A ɗaya ɓangaren akwai Galleria Vittorio Emanuele II a Milan, wadda aka kammala a 1877. Rufin gilashi da ƙarfe, daɓe mai zane, kyau na gaske. Amma a duba inda take: hanya ce tsakanin dandalin babbar majami'ar birnin da dandalin gidan wasan La Scala. Kyan ya zauna a kan hanyar da mutane ke bi dama.

Filin da ba a haya, kamar farfajiya da hanyoyi, wa ke biyansa?

Ɗan haya, ta hanya biyu. Mai gini yana kashe kuɗi a kan ginin gaba ɗaya, amma daga shaguna kawai yake karɓa. Idan filin haya kashi 70 ne na ginin, to wannan kashi 70 shi zai ɗauki nauyin ɗari. Duk faɗin da aka ƙara wa farfajiya, ko dai haya ta hau ko riba ta sauka.

Hanya ta biyu ita ce kuɗin hidima, wanda ake biya daban da haya: shara, tsaro, wutar hanyoyi, sanyaya iska, gyaran lif da matakalun lantarki, inshora. Akan raba shi gwargwadon girman shago. A nan zane yana cizo a ɓoye. Dogon zaure mai rufin gilashi a ƙasa mai zafi, in ba a yi masa inuwa ba, na'urorin sanyi za su yi ta aiki dare da rana, kuma takardar kuɗin tana zuwa ƙofar kowane shago. Ɗan kasuwa mai hankali yana haɗa haya da kuɗin hidima ya auna su da cinikinsa. Abin da zai iya ɗauka yana da iyaka, don haka in hidima ta kumbura, hayar da zai yarda da ita sai ta ragu. Ginin da ke cin wuta yana cin hayar mai shi ne. Wannan ma ya sa ake ta komawa ga cibiyoyi marasa rufi, masu kama da titi, irin The Grove a Los Angeles ta 2002, inda yanayi ya ba da dama.

Kada a ɗauka ina cewa a matse farfajiya. Cibiyar da aka cika da shaguna har ba wurin numfashi, ba wanda ke son zama a ciki.

Ginshiƙai da tsayin rufi, waɗannan ba aikin injiniya ba ne kawai?

Aikin injiniya ne, amma kuɗin haya ne ke fita daga ciki. Ginshiƙi a tsakiyar gilashin gaba yana raba fuskar shago biyu. Ginshiƙai masu kusa da juna suna hana jera kantoci yadda ake so, suna kuma hana haɗa shaguna biyu su zama ɗaya ranar da babban ɗan haya ya zo. Tazarar wajen mita 8 ko fiye tana ba da walwala, kuma a zaɓe ta da tunanin motocin da ke ƙasa in akwai garejin ƙarƙashi. Rufi mai tsawo yana ba da dogon gilashi da babban suna da ake hangowa daga nesa, wani lokacin har da ɗan bene a ciki. Kamfanoni da yawa suna da mafi ƙanƙantar tsayi da faɗin da za su karɓa, in bai kai ba ko tayi ba sa yi.

Akwai kuma bayan ginin, wanda mai yawo ba ya gani: inda manyan motoci ke sauke kaya, hanyar baya zuwa shaguna, bututun hayaƙi, magudanar ruwa, ƙarfin wuta. Shagon da ba shi da hanyar fitar da hayaƙi ba zai taɓa zama gidan abinci ba, komai kyan wurinsa. Masu nemansa sun ragu ke nan, farashinsa ma haka.

Wurin ajiye motoci yana shiga lissafi?

Yana shiga, inda mutane da mota suke zuwa. Mota ɗaya tana cin wajen murabba'in mita 25 zuwa 30 in an haɗa da hanyar juyawa. Tsohuwar ƙa'idar Amurka takan nemi gurbi 4 zuwa 5 ga kowace murabba'in ƙafa 1,000 ta filin haya, wato kusan murabba'in mita 93. Ka lissafa, za ka ga filin motoci ya fi na shaguna girma. In an kai shi ƙarƙashin ƙasa, kuɗin gini ya ninka. Amma abin da ya fi yawan gurabe muhimmanci ga ɗan haya shi ne inda lif da ƙofar garejin suke zubo mutane.

Ƙananan rumfunan tsakiyar hanya fa, me ya sa suke da tsada haka?

Domin ba su da baya, ko ta ina gaba ne, kuma suna tsaye cikin jama'a. A kan kowace mita sukan fi kowa biya. Mai gini dai ya yi hattara: rumfar da ta tare fuskar shagon da ke bayanta ta rage darajar abin da ya riga ya ba wani haya, kuma 'yan haya masu wayo sukan sa a rubuta cewa ba za a tare musu gani ba.

Mene ne haya bisa ciniki, kuma me ya haɗa ta da zane?

Yarjejeniya ce da ɗan haya ke biyan wani tsayayyen kuɗi, sannan in cinikinsa ya haura wani mataki ya ƙara wani kaso na abin da ya haura. Wani lokacin ma kason kaɗai ake biya. Amfaninta shi ne ta sa mai gini cikin riba da asarar ɗan hayarsa. In ya toshe wata ƙofa, ko ya bar matakalar lantarki a lalace wata biyu, aljihunsa ma zai ji. A ganina, ga sabon gini da ba a san yadda jama'a za su bi cikinsa ba, wannan ita ce hanya mafi adalci, domin ba a ɗora wa ɗan haya shi kaɗai kuskuren da mai zane ya yi.

Idan babban kantin ya tashi, hayata za ta sauka?

Sai in an rubuta. A Amurka da wasu ƙasashe akwai sharaɗin da ke ba ɗan haya damar rage haya ko ficewa in turken ya tashi, ko in shaguna masu yawa suka zama fanko. Da kamfanin Sears, mai manyan kantuna a Amurka, ya durƙushe a 2018, cibiyoyi da yawa sun ga yadda rufe ƙofa ɗaya a ƙarshen hanya ke busar da reshe guda. Ginin da aka zana bisa turke biyu, in ɗaya ya fita, rabinsa ya zama lungu nan take. Wanda ke da turaku da yawa da hanya mai zagaye ya fi jure wa irin wannan.

Ginin da aka riga aka yi kuskure a zanensa, ana iya gyara shi?

Wani abu ana iya gyarawa, wani kuwa sai haƙuri. Ƙara haske, canza shingen bene zuwa gilashi, sa alamu, buɗe sabuwar ƙofa, juya alƙiblar matakalar lantarki, waɗannan suna yiwuwa kuma sukan biya kansu. Lungun da ya mutu ana iya haɗe shagunansa a ba wanda mutane ke nemansa da kansu, kamar asibiti, wurin motsa jiki ko ofishin hukuma. Ba zai biya hayar kantin tufafi ba, amma zai kawo ƙafa. Tsayin rufi, tazarar ginshiƙai da wurin da ginin yake, su ba sa canzuwa sai da rushewa. New South China Mall a Dongguan, wadda aka buɗe a 2005 a matsayin ɗaya daga cikin mafi girma a duniya, ta shafe shekaru kusan duk shagunanta a rufe, sai da aka sake mata fasali aka karkata ta ga mutanen da ke kewaye da ita sannan ta fara motsi. Girma bai sayo mata jama'a ba.

Kafin in sa hannu, me zan duba da idona?

Ka je sau uku aƙalla: safiyar ranar aiki, yammacin ranar aiki, da ranar hutu. Ka tsaya a ƙofar shagon da agogo, ka ƙirga masu wucewa cikin minti goma sha biyar, sannan ka yi haka a ƙofar shagon da aka ce ya fi tsada da wanda aka ce ya fi araha. In naka rabin jama'ar mai tsada yake samu amma hayarsa ta kusa kai tasa, kana da abin faɗa wa dillali. Ka lura ko masu wucewar tafe suke a hankali ko sauri suke zuwa mota.

Daga nan ka koma baya, ka shigo ta kowace ƙofa kamar baƙo, ka ga daga ina ake fara hango sunanka, da abin da ke tare shi. Ka hau sama ka leƙo. Ka nemi a auna shagon a gabanka, ka tambaya ko an haɗa da kaurin bango da ginshiƙai a mitocin da za ka biya. Ka karɓi lissafin kuɗin hidima na shekarun baya, in ginin ba sabo ba ne. Ka tambayi ranar da yarjejeniyar babban kantin za ta ƙare, da ko mai gini yana da ikon motsa ƙofa, matakala ko kafa rumfa a gabanka ba da yardarka ba. Sannan ka bi ta hanyar baya da kanka, tun daga inda mota ke sauke kaya har ƙofar ma'ajiyarka, ka ga ko amalanke zai wuce.